Ranar da Aka Mayar wa Kaka da Gyararta

Yaran yanzu ba su san komai ba. Ina faɗin haka ne da takaici irin na wadda ta ga jiya ta ga yau, domin bana na cika shekara goma sha bakwai, kuma duniyar da na tashi a cikinta ta riga ta naɗe tabarmarta. Ƙanena shekararsa tara, amma bai taɓa taya ko allura ba. Ka aike shi sayen gishiri, sai ya shiga kanti ya ɗauko, ya miƙa abin da aka rubuta a jiki, ya dawo bakinsa a rufe kamar wanda ya je ta'aziyya. Mu a zamaninmu, in an aike ka sayen gishiri, sai ka wanke fuska ka shirya maƙogwaro, domin yaƙi za ka. Ni da kaina na taɓa tsayawa kan cinikin tsintsiya ɗaya tun hantsi har mai tsintsiyar ya tsufa a gabana.

A wancan zamani, wato shekara biyar ko shida da suka wuce, ranar kasuwar Yelwa ba sai an gaya maka ba. Tun kana kan tabarma za ka ji injinan jiragen ruwa suna tari daga tsallake, ɗaya bayan ɗaya, kamar tsofaffi sun haɗu a masallaci da sanyin safiya. Gungawa su sauke albasa, masunta su sauke kwandunan bandan kifi, Kambari su zo da buhunan dawa, matan Fulani su jera ƙwaryar nono a inuwa. Amma abin da ya fi zama mini a kunne shi ne kalmar nan ta albarka. Mai saye ya taya, mai kaya ya kawar da kai ya ce albarka, wato bai sallama ba. Daga wannan rumfa albarka, daga waccan albarka, har kasuwar ta zama kamar taron addu'a, alhali kowa ƙin sayarwa yake yi. Yanzu kasuwar tana nan, jiragen ma suna zuwa, sai dai albarkar ta ragu. Ina jin rabinta ta faɗa tafkin da jiragen ke bi.

Kakata, uwar babana, mai gumi ce. Takan sayi shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, wurin manoman Shanga, ta jiƙa, ta turara a cikin wata ƙatuwar tukunya da aka yi da rabin durom, ta shanya, a kai inji a casa, sannan ta kai kasuwa ta auna da tiya. Tukunyar nan ta girmi babana, kuma ta fi shi baƙi. Sunan Kaka aka sa mini, don haka ba ta kirana sai da Takwara, kuma tun ina shekara bakwai ta ɗauke ni aiki ba tare da ta tambayi ra'ayina ba. Ni ce mai iza wuta, ni ce mai baza shinkafa a kan tamfol da ƙafa, ni ce kuma mai yaƙi da awakin unguwa, waɗanda na tabbata suna da shugaba da tsarin aiki, domin in ɗaya ta jawo hankalina ta gabas sai uku su shigo ta yamma. Ƙamshin shinkafar da aka sauke daga wuta, mai kama da ƙasar da ruwan farko ya taɓa, har yau in na ji shi sai tafin ƙafata ya yi zafi.

A rumfarta na koyi ciniki. Ta koya mini yadda ake kushe kaya ba tare da an zagi mai su ba, da yadda ake juya baya a yi tafiyar hawainiya har a kira ka. Amma duk wannan a wurinta share fage ne. Ainihin cinikin shi ne gyara, wato ɗan abin da mai kaya ke ƙara maka da hannu bayan an gama awo. Kaka takan ce tiya ta mai kuɗi ce, hannu kuwa na Allah ne. Na daɗe ina zaton gyara ɗaya ce ga kowa, sai da na zura ido na ga ba haka ba ne. Matar wani babban ɗan kasuwa takan sami abin da yatsu uku suka ɗauko. Wata mata kuwa da ke zuwa da goyo da silifas ɗin da aka ɗinke da waya, takan sayi rabin tiya ta tafi da abin da ya kusa tiya guda, kuma ba ta taɓa jin an yi mata sadaka ba, tunda gyara haƙƙin kowane mai saye ne. Da na tambayi Kaka yadda take ganewa, sai ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in kuma ina son ƙarin bayani in je in kori akuyar can tukuna.

Akwai wani aikin da nake yi wanda ya fi korar awaki wuya. Babana ɗan fari ne, saboda haka Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Suna iya zama a tabarma ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa, amma sai ta dube ni ta ce in gaya wa babana ruwan randa ya ƙare. Shi kuma ya dube ni ya ce in gaya wa Inna ya ji. Da a ce ana biyan kuɗin waya a kan irin wannan, da yanzu ina da jirgin ruwa nawa na kaina.

Ana cikin haka aka buɗe babban kantin nan a bakin titi, wanda kowa ke kira Ba-Taya. Yana da wani suna a rubuce a allo, amma ban taɓa jin ko ma'aikatansa sun faɗe shi ba. Kafin ya zo mana da girmansa, mun riga mun ji yana Wara, yana hanyar Shanga, yana Birnin Yauri, an ce har ya haura Kontagora da Jega. Ranar da na fara leƙawa na yi zaton zan ga aljannar duniya, sai na tarar da wani dogon zaure mai fankoki, kaya a cikin kwalayensu an yanke musu baki kawai an jera. Sabulu iri biyu ne, ba goma ba. Man gyaɗa iri ɗaya. Babu mai ce maka sannu da zuwa, babu mai ba ka leda kyauta, kowane abu da 'yar takardarsa manne, kuma duk abin da ka duba sai ka ga ya fi na kasuwa araha. Abin da ya fi ba ni dariya, kantin sunansa Ba-Taya, amma kwandunan da ake turawa a ciki kowanne da taya huɗu.

Ni mutum ce mai son sanin gindin abu, don haka na shiga bincike a kan yadda mutum ɗaya ya tara wannan daula. Mai shayin bakin tasha ya ce aljanun ruwa ne suka ba mai kantin tukunya. Wani ɗan acaɓa ya ce ba mutum ba ne ma, kwamfuta ce a Legas. Malamin lissafinmu ya ce babu wani asiri: mutumin yana sayen kaya tirela guda daga masu yin su, iri kaɗan amma da yawa, ba ya kashe kuɗi a kan ado, ribar da yake ci a kan kowane abu ƙarama ce amma hannuwan da ke miƙo ta ba su ƙirguwa. Bayanin malam ya fi kama da gaskiya, shi ya sa ban so shi ba.

Abin da ba na dariya ba shi ne, buhunan Kaka sun fara dawowa gida kamar yadda suka tafi. Masu sayen shinkafarta in sun shiga Ba-Taya neman sabulu sai su haɗa da shinkafar kamfani su wuce. Babana ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mutum mai haƙuri, amma ya daɗe yana kallon yadda hayaƙi ke cin idon Kaka da yadda ƙafarta ke kumbura. Wata rana bayan la'asar ya ce in gaya wa Inna aikin nan ya isa, wahala ce ba riba, kafin lokacin girbi zai kira mai sayen gwangwan ya ɗauke tukunyar, ita kuma ta zauna ta huta. Kaka ta ce in gaya wa babana, ranar da tukunyar ta fita ta ƙofar gida, ya bar ƙofar a buɗe, domin makara na biye. Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, har da muryar.

Ni na ba ta shawarar mu je ta ga abokin gabarta da idonta. Kuma a nan ne shaiɗan ya raɗa mini abin da har yau nake istigfari a kansa ina dariya. Kaka ba ta karatun boko. Da ta tambaye ni mene ne waɗannan 'yan takardu, sai na ce mata kuɗin farko ne da mai kaya ya sa, irin wanda ake faɗa don a ji bakin mai saye, ana biya ne bayan an daidaita da yarinyar da ke zaune wajen na'ura. Kaka ta gyara ɗaurin zane. Ta ɗauki sabulu sanda ɗaya, ta je gaban yarinyar, ta gaishe ta, ta tambayi iyayenta da gajiya da ruwa, sannan ta shinshina sabulun ta ce wannan ko kumfa ba zai yi ba, amma saboda zumunci ta taya rabi. Yarinyar ta ce, cikin ladabi, Mama nan ba a tayawa. Kaka ta yi murmushin wadda ta gamu da gwana irinta, ta ƙara kaɗan. Layi ya taru a bayanmu har ya kai wajen man gyaɗa. Da ta ga yarinyar ta kafe, sai ta fito da makaminta na ƙarshe: ta ajiye sabulun, ta juya baya, ta fara tafiyar nan ta a-kira-ni. Ta isa ƙofa, maigadi ya buɗe mata. Ta sauka matakala a hankali. Ta kai bakin kwalta ta tsaya, kunnenta a baya. Na'urar can ciki tana ta ƙara, tit, tit, ana sallamar waɗanda ke bayanmu.

Dariyar da na tanada tun daga gida ta bi iska. Tunda nake ban taɓa ganin an bar Kaka ta kai bakin titi ba. Ba ta zage ni ba, wanda ya fi zagi ciwo. Sai washegari da hantsi, muna juya shinkafa a kan tamfol, ta ce ai ita ta san mai kantin tun ba shi da takalmi.

Ta ce bayan an tare ruwa kogi ya zama tafki, akwai wani saurayi siriri da ke bin kasuwannin bakin ruwa da kwalekwale, yana sayar da ashana da sabulu da gishiri da ƙugiyar kamun kifi. Yaron yana da i'ina mai tsanani. Kafin ya fitar da kalmar albarka, mai saye ya taya sau uku, ya yi fushi, ya tafi, ya dawo, ya ɗauki kayan. Wata rana sai ya zo kasuwar Wara ya kasa kayansa kashi-kashi, ya faɗi kuɗinsa na ƙarshe tun a farko, kuma duk wanda ya buɗe baki sai ya ce masa ba a tayawa. To harshen ba ya kai shi ƙarshen maganar, sai ya tsaya a ba taya. Yara suka riƙa bin sa da sunan. 'Yan kasuwa suka ce ba zai kai damina ba. Amma akwai mutanen da ba wanda ya lissafa da su: masuntan tsibirai da matan ƙauye waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, da masu kunya, da yaran da ake aikowa daga gida. Waɗannan duk ciniki cutarsu yake yi, domin a kasuwa mai kaifin baki shi ke sayen araha, mai nauyin baki ya biya masa. A wurin Ba-Taya kuwa bebe da maroƙi kuɗinsu ɗaya. Daga kwalekwale ya koma rumfa, daga rumfa ya kama shago. Ya zuba kaya a kwanduna ya ce kowa ya ɗauka da kansa, ba don ya ga ana yi a wata ƙasa ba, sai don kada a yi ta tambayarsa. Da ya ga dogon bayani da dillalai yana gajiyar da shi, sai ya riƙa zuwa wurin masu yin kayan ya nuna da yatsa ya ce duka. Kaka ta ce har yau, da motarsa da furfurarsa, yana bin kantunansa ne ranar kasuwar kowane gari, kamar yadda yake yi da kwalekwale.

Wannan labari ya fi na aljanun ruwa daɗi, kuma ya bar ni da tunani. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni na kai Kaka aka kunyata ta, ni ya kamata in nemo mafita. Na ƙulla shinkafarta a leda na koma kantin na ce ina son ganin manaja. Na gaya masa duk zauren nan babu shinkafar gida ko ƙwaya ɗaya, alhali mutanen Yauri in ba ita suka tuƙa ba ba sa jin sun ci tuwo, har na ƙara da cewa akwai wani tsoho a unguwarmu da ya rame saboda haka. Manajan ya tauna 'yan ƙwayoyi, ya ce ba tsakuwa. Ya ba ni ƙananan buhuna ashirin masu tambarin kanti, ya ce a zuba kilo biyar-biyar daidai, su za su ɗinke baki. Babana da ya ji, sai ya ce in gaya wa Inna in kantin ya karɓa kuma ya ci gaba da karɓa, tukunya ta zauna, tunda ba sauran zaman rana a kasuwa. In bai karɓa ba, magana tana nan yadda take.

Na aro sikeli wurin mai nama. Kaka ta dube shi kamar an kawo mata kare cikin ɗaki, ta ce a fitar. Da tiya ta auna. Kuma kowane buhu in ta gama sai ta tsaya, ta tsoma hannu ta ƙara. Wannan, in ji ta, mai yara da yawa ce za ta ɗauka, sai ta zuba hannu biyu. Wancan jikinta ya ba ta na wani mai rowa ne, yatsu uku sun ishe shi. Na ce mata Kaka ba ki san wanda zai ɗauka ba. Ta ce ita dai ta fita haƙƙi, Allah ya san mai rabo. Ni kuwa da na ga inda aka dosa, sai na zaɓi ranar kasuwar Yelwa ta zama ranar kai kaya, ban gaya wa kowa dalili ba.

Muka kai a baro ta ƙofar baya. Mai kula da sito, wani saurayi mai biro a kunne, ya ɗora buhun farko a sikeli ya ce ya wuce. Na biyu ya wuce sosai. Babu biyu da suka zo daidai. Bawan Allah bai yi wata muguwar niyya ba, ya ma ɗauka taimako yake yi. Ya jawo wata roba, ya riƙa kwashe abin da ya hau yana zubawa a ciki har kowane buhu ya tsaya a kan kilo biyar cif. Sannan ya ɗauki robar, ta kusa cika, ya miƙa wa Kaka da hannu biyu yana murmushi, ya ce ga sauran shinkafarta, kada ta yi asara.

Wanda bai tashi a kasuwa ba ba zai gane ba. Mayar wa mutum gyara daidai yake da ka je barka a ba ka goro ka ce a riƙe. Kaka ba ta karɓa ba. Ta ce mini, da murya ƙasa-ƙasa, in mayar da buhunan cikin baro mu tafi gida. Na san abin da tafiya gida ke nufi, ita ma ta sani. Na fara ɗaukar buhu ɗaya kamar mai ciwon baya, ina jan lokaci, ina addu'ar kada motar da nake jira ta yi faci. Ina kan na huɗu sai ga wani dattijo siriri cikin farar riga mara aiki ya shigo, ma'aikata suna ta rusunawa. Ya dubi robar, ya dubi Kaka, ya daɗe yana dubanta. Bakinsa ya yi ta motsi kafin magana ta fito.

“Y-yaya. Ke ta?”

“Ni ta, Ba-Taya. Ashe kana gane mutane. Yaranka sun maido man gyarata.”

Ya sa aka kawo mata kujera, shi ya zauna a kan kwali. Maganarsa a hankali take fita, kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi, kuma na lura ba wanda ya isa ya ƙarasa masa kalma. Ya ce shi ma yana ba da gyara, sai dai ya narkar da ita cikin kuɗin kaya, yadda wanda bai iya roƙo ba zai samu ba tare da ya buɗe baki ba. In buhu ɗaya ya fi ɗaya, wanda ya ɗauki ƙaramin an zalunce shi. Kaka ta ce gyarar da aka raba wa mai mota da mai goyo daidai wa daida ba gyara ba ce, ruwan sama ne, kuma ita ba a taɓa roƙonta gyara ba, gani take yi. Sai dattijon ya juyo gare ni ya tambaya ko ta gaya mini wanda ya sa ya daina ciniki. Na ce ta ce mutane ne.

“M-mutane? Ita ta. Sabulu ukku ta taya tun sahe har azahar. Da na sallama don in huta, ta ce saura g-gyara. Ta ɗauki na huɗu.”

“Ƙarami na,” in ji Kaka, tana kallon rufi.

Wato duk wannan daula, daga Wara har inda ta kai, kakata ce ta haife ta da bakinta, kuma ko sabulu ɗaya ba a taɓa aiko mata na godiya ba. Abin da ya biyo baya ma'aikatan kantin har yau suna ba da labarinsa, domin a gabansu mutumin da ya shekara arba'in bai yi ciniki ba ya zauna aka yi ta ja da shi. Ya ce buhuna dole su zo daidai. Ta ce gyara ba za ta koma gida ba. Ya ce to a ajiye robar a bakin ƙofa da ɗan kofi, duk wanda ya sayi buhu ya ɗiba. Ta ce mai bukata kunya za ta hana shi, marar kunya ya ɗiba sau biyu, sai dai ita ta zauna ta raba da hannunta. Ya ce cikin kantinsa ba a fifita wani a kan wani. Ta ce wa ya ce masa ciki. Sai ya ce daga matakala zuwa titi ba nasa ba ne. Amma ya gindaya dokar da ke kan kowane kaya nasa: in ya dawo kasuwa mai zuwa ya tarar da ko buhu ɗaya, ba za a sake karɓa ba, domin kantinsa ba ya riƙon abin da ba ya tafiya.

Haka Kaka ta kafa kujera a ƙarƙashin matakala, da robarta a gaba. Duk wanda ya fito da buhunta sai ta kira shi, ta dube shi daga hula zuwa takalmi, ta tsoma hannu. Har ta gano wata sabuwar hanyar gani: ta cikin gilashi takan lura da abin da mutum ya ɗauka, ya juya takardarsa, ya mayar. Kwanakin farko buhuna suka tafi da gudu. Daga nan suka fara rarrafe, domin shinkafar kamfani ta ɗan fi tata araha, kuma wata ya yi nisa. Ranar kasuwa ta zagayo, aka yi azahar, saura buhu biyu. Na yi ta zarya ina leƙa su, ina yi musu addu'a, har na tsaya kusa da su ina gaya wa iska cewa wannan shinkafar tana maganin ciwon baya. Maigadi ya ce in fita. An ce dattijon yana isowa bayan la'asar. Na ga Kaka ta daina taɓa robar, ta haɗa hannuwanta a cinya.

Ana kiran la'asar sai na hango wani mutum ya fito ta ɗaya gefen ƙofar, yana bin jikin bango, babbar rigarsa ta kumbura ta dama da hagu kamar mai cikin tagwaye. Na san takalmin. Na san tafiyar. A gidanmu akwai shinkafar Kaka buhu guda da ba a ko buɗe ba, albashi kuma bai shigo ba. Na buɗe baki ina jiran ta ce in gaya wa babana wani abu, sai na ji ta ɗaga murya, ba ta ko dube ni ba.

“Malam, kai mai riga. Zo ka amshi gyararka.”

Babana ya tsaya cak. Ya dawo a hankali, buhunan suna leƙowa ta ƙasan riga, ya durƙusa a gabanta kamar kowane mai saye. Ta dube shi sama da ƙasa.

“Iyali nawa gare ka?”

“Da dama, Inna. Har da wata tsohuwa da ba ta jin magana.”

“Allah shi ba ka haƙuri da ita. Kawo abin zubawa.”

Ba shi da leda, kantin kuma ba ya bayarwa. Ya duba dama ya duba hagu, sannan ya cire hularsa ya tara. Kaka ta zuba hannu biyu, ta ƙara biyu, ta kuma ƙarawa har hular ta yi tozo, sannan ta ce ya tashi ya ba mutane wuri. Haka babana, ma'aikacin hukuma mai mutunci, ya ratsa kasuwar Yelwa ranar cikarta, kai ba hula, buhu biyu a hammata, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai don kada ƙwaya ɗaya ta zube. Kaka ta bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ta ce in tashi in riga shi isa gida in jiƙa shanshera, gobe da aiki.